Kofin Babban Likita

Wata uku ke nan da rasuwar Babban Likita, kuma wata uku ke nan kofinsa yana kwance a akwatin Baba Direba, ƙarƙashin rigar da ba ya sakawa sai ranar fita kunya. Kofin silba ne, gindinsa ya lotsa wuri biyu, hannunsa ya taɓa ɓallewa mai walda ya liƙa shi a karkace. Da za ka yar da shi a bakin titi, ko masu tsintar gwangwani sai sun yi shawara kafin su duƙa. Amma shi ne ya hana dattijon nan sakat.

Amana ce aka ba shi. Kwana biyu kafin Babban Likita ya cika, da rana tsaka a ɗakin asibiti, ya sa kowa ya fita, ya lalubo kofin daga ƙarƙashin matashin kai ya miƙa masa.

"Direba, wannan ka kai wa Dakta. Hannu da hannu, ban ce ka ba masinja ba."

Baba ya karɓa ya ce to. Sai dai wannan "to" ɗin a baki ta tsaya, ba ta gangara zuciya ba. Dakta ita ce matar da ta gaji kujerar marigayin a hukumar lafiyar jama'a ta ƙasa, kuma duk faɗin hukumar babu wanda Baba ya ƙi jinin gani kamar ita.

Matarsa kuwa ba ta bar shi ya manta ba. Duk ranar da ta buɗe akwatin sai ta tanka.

"Baban yara, kofin mutane fa?"

"Ba na mutane ba ne, na mutum ɗaya ne, kuma ya tafi."

"Ai shi ya sa nake faɗa maka. Da yana da rai sai ka je ka ba shi haƙuri. Yanzu wa za ka ba?"

Sai ya sha mur, ya ɗauki rediyonsa ya fita ƙofar gida.

Shekara ashirin da shida Baba ya yi yana tuƙa Babban Likita. Motoci biyar suka kashe tare, kuma ba a kan kwalta suka kashe su ba. Lokacin da aka ba mutumin nan hukumar, akwai garuruwan da mace ba ta ƙirga ɗanta cikin 'ya'ya sai ya tsallake kyanda. Shi ya dage sai allurar rigakafi ta kai ƙauyen da ko mai sayar da gishiri ba ya zuwa. Shi ya sa aka kai firiji mai aiki da hasken rana ƙananan asibitoci don kada allurar ta lalace a hanya. Shi ya bi kurkunu rijiya rijiya, tafki tafki, har aka wayi gari matasan likitoci sai a littafi suke ganin hotonsa. Duk wannan yana rubuce, jaridu sun buga bayan rasuwarsa, wasu ma har da ƙarin gishiri. Abin da jaridu ba su iya bugawa daidai ba shi ne zancen kofin, don ba su taɓa tsayawa a inda Baba yake tsayawa ba.

Ga yadda abin yake. In suka isa asibiti, komai ƙanƙantarsa, za a tarar an share, an yi fenti, an jera kujeru, an ajiye ruwan roba mai sanyi a kan tebur. Babban Likita ba ya kallon teburin. Sai ya miƙo hannu ta baya, Baba ya zaro kofin daga aljihun ƙofar mota ya sa masa. Daga nan ya tambayi mai kula da wurin, "Ina masu jinya suke ɗiban ruwan sha?" Ko famfo ne, ko rijiya, ko randa a bayan ɗakin haihuwa, da ƙafarsa yake zuwa. Ya ɗiba da kansa, ya ɗaga kofin a hankali zuwa bakinsa, idonsa a kan ma'aikatan.

Sau da yawa kofin ba ya kaiwa. Wani zai yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka sha." Sai ya sauke hannu, ba faɗa ba tsawa, ya ce, "To. Su wa kuka bari suna sha?" Wannan tambayar ta haƙa rijiyoyin burtsatse fiye da duk takardun da aka taɓa rubutawa a hukumar. Wanda ya hana shi sha kuwa ba ya taɓa hukunta shi. Sunansa yake rubutawa a ɗan littafin aljihunsa, kuma irinsu ne suke samun ƙarin girma. In kuwa babu wanda ya tanka, shanyewa yake yi tas, ya goge baki da bayan hannu. Ba wasan kwaikwayo yake yi ba, kuma kowa ya san haka. Shi ya sa da an ji zai zo gari, kafin a nemi mai fenti ake neman mai gyaran famfo.

Sau ɗaya tak aka bar shi ya sha abin da aka san ba na sha ba ne. A wani ƙaramin asibiti ne, shekara goma sha tara da suka wuce. Likitar wurin yarinya ce sabuwar fitowa, siririya, farar rigarta ta yi mata yawa. Ta san ramin bahaya ya tsage yana tsatsafowa cikin rijiyar asibitin, har ta rubuta rahoto sau biyu shugaban yankin ya danne. Ranar ziyarar shugaban yankin yana tsaye a kafaɗarta. Baba yana jingine da mota, ya ga leɓenta ya motsa, ya ga ta kalli shugaban nata, ya ga ta sunkuyar da kai. Babban Likita ya shanye.

Kwana biyu da komawarsu amai da gudawa suka kayar da shi. Sati uku ya yi rai a hannun Allah, ana ƙara masa ruwa leda bayan leda, Baba yana zaune a kan benci a baranda ya ƙi zuwa gida. Likitoci sun ce ciwon ƙodar da ya yi ajalinsa daga baya ba shi da alaƙa da wannan. Su suka yi karatu, su suka sani. Baba dai a ransa daga rijiyar nan aka fara.

Wannan yarinyar ita ce Dakta. Ita da kanta ta zo asibitin ta durƙusa a gaban gado ta faɗi gaskiya tana kuka. Baba ya zaci kora ce za ta biyo baya. Sai ga shi mutumin nan yana miƙewa ya sa an dawo da ita hedikwata, ya damƙa mata sashen gwajin ruwa na ƙasa baki ɗaya. A mota Baba ya kasa haƙuri.

"Ranka ya daɗe, wadda ta kusa kashe ka?"

"Direba, ka kalli hanya. Ta yi shiru sau ɗaya, ta ga abin da shirun ya jawo. Ba za ta ƙara ba. Sauran da kake gani ba su gwada ba tukuna, ban san me za su yi ba."

Baba ya kalli hanya, amma bai yarda ba. Shekara goma sha tara yana gaishe ta a tsaitsaye, ita kuma tana ce masa "Baba, ina kwana" da ladabi, ladabin ma haushi yake ba shi.

To, ana nan sai ga jami'in tsare-tsare na hukumar ya zo har gida, wani mai ƙamshin turare da waya biyu a hannu. Ya ce an gina sabuwar cibiyar lafiya a wani gari mai nisan awa huɗu, za a sa mata sunan marigayi, kuma an ji kofin yana wurin Baba. An riga an yi masa akwatin gilashi, za a ajiye shi a zauren shiga don tarihi.

Baba ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Ga mafita ta zo da ƙafarta: kofi ya shiga gilashi, bai zauna a akwatinsa ba, bai kuma zama nata ba. Ya amsa tun kafin mutumin ya rufe baki.

Da baƙon ya tafi matarsa ta leƙo daga ɗaki.

"Gilashi ya ce maka ka kai wa?"

"Ai Dakta ce za ta karɓa ta saka. Kin ga ya bi ta hannunta."

"Oho. Wayo za ka yi wa mamaci ke nan. Allah ya ba da sa'a."

Ranar buɗe cibiyar aka ɗauke shi a motar hukuma, a kujerar baya, abin da bai saba ba. Duk hanya ƙafarsa tana taka burkin da babu shi. Suka isa da hantsi. Ginin ya yi kyau, ba a cewa komai: fari da shuɗi, ɗakin haihuwa, ɗakin allura, ga famfuna uku a jere a tsakar gida suna ƙyalli. An kafa rumfa, an jera kujeru, ga ruwan roba kwali-kwali. An ba Baba kujera a sahun gaba, amma direba direba ne. Kafin manya su iso ya sulale ya zaga bayan ginin, inda ake ajiye motoci, don ya san nan ne gaskiyar kowane taro take zama.

A nan ya tarar da tankar ruwa, direbanta yana naɗe tiyo. Suka gaisa irin ta 'yan sana'a ɗaya, aka taɓa zancen taya da tsadar gyara. Baba ya nuna tankin da ke sama.

"Ba burtsatse aka haƙa musu ba?"

"An haƙa, Baba, injin ne ba a kawo ba. Jiya aka ce in cika tankin don famfo ya kawo a gaban baƙi."

"Daga ina ka ɗebo?"

Mutumin ya sosa ƙeya. "Daga tafkin da ke bayan kasuwar dabbobi. Nan ne kusa. Ai na nuni ne kawai, wa zai sha?"

Baba ya waiwaya. Ta ƙofar baya ya hango mata uku da goyo suna jiran a gama taro a fara duba yara, ɗaya ta tara gorar ɗanta a bakin famfo. Ransa ya ɓaci, ya ce a zuciyarsa da mai kofin yana nan da yau wani ya ji a jikinsa. Ya yi niyyar ya yi magana, sai ya ji jiniya, manya sun iso. Ya koma kujerarsa.

Aka yi jawabai. Wanda bai taɓa shiga mota ɗaya da marigayin ba ya ce tare suka yi gwagwarmaya. Wanda marigayin ya taɓa kora daga ofis saboda allurar da ta lalace a hannunsa ya ce uba ya rasa, har da ciro hankici. Baba yana zaune da kofin a naɗe cikin tsumma a cinyarsa, yana jin kewar mutumin tana cin sa. Ya tuna yadda yake barci a mota baki buɗe da takardu a ƙirji, da yadda yake tsayar da shi a tsakiyar daji don ya ga yaro da kumburarren ciki a bakin hanya. Babu wanda ya faɗi wannan a lasifika.

Daga ƙarshe aka kira shi. Jami'in tsare-tsare ya buɗe murfin gilashin, masu ɗaukar hoto suka matso. Dakta ta taso. Yanzu ba siririya ba ce, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, ga tabarau. Baba ya warware tsumman ya miƙa mata kofin da hannu ɗaya, yana kallon gefe.

Ta karɓa ta juya shi, ta shafa wurin waldar da babban yatsa. Ba ta nufi gilashin ba. Sai ta ɗaga kai ta ce, "Wa ke kula da cibiyar nan?"

Wata ma'aikaciyar jinya ta fito daga bayan rumfa, mace mai jiki, ta kusa hamsin, wadda kowa a wurin yake kira Sista. Tun safe ake aikenta ɗauko kujeru.

"Sista, ina masu jinya za su riƙa ɗiban ruwan sha?"

Sista ta kalli shugaban yankinsu, shi kuma ya yi murmushi ya nuna famfunan da hannu biyu. Dakta ta sauka daga rumfar, ta taka har tsakar gida, jama'a suka bi ta. Ta murɗa famfo, ruwa ya zubo garau, don an bar shi ya kwanta tun jiya. Ta cika kofin ta fara ɗaga shi a hankali.

Baba yana tsaye taku huɗu daga inda take, kuma ya san daga inda ruwan nan ya fito. Kalma uku ce kawai, kada ki sha, ya ji an faɗe su a gabansa sau ɗari. Ya buɗe baki. Sai ya ga manyan mutane jere da manyan riguna, ga na'urorin ɗaukar hoto, ga jami'in da ya kawo shi a kujerar baya. Wane ne shi, tsohon direba mai ritaya, da zai tsinka taron hukuma? A ƙarƙashin wannan tsoron kuma akwai wani abu da ya fi shi muni, wata 'yar murya da ta ce masa, bar ta ta ɗanɗana abin da ta ba shi. Harshensa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Kofin ya wuce ƙirjinta, ya kai haɓarta.

"Ranki ya daɗe, kada ki sha."

Sista ce. Hannunta yana kan hannun Dakta, gumi yana bin wuyanta. Shugaban yankin ya yi mata wani kallo, ta ƙi duban inda yake.

"Ruwan tafki ne, tanka ta kawo jiya. Injin burtsatsen bai zo ba. Na faɗa, aka ce in bari a gama taro."

Dakta ta sauke kofin. Baba ya jira tambayar da ya sani, ta kuwa zo, a hankali, ba faɗa ba tsawa: "To. Su wa za a bari su sha?" Ta zubar da ruwan a gindin famfo, ta juya ga Sista, ta yi maganar da ba da lasifika ba amma duk na kusa suka ji.

"Kin fi ni, Sista. Ni da aka ɗaga kofin nan a gabana, ina sane, ban ce komai ba. Mai shi ya sha, ya yi sati uku a kwance. Yau shekara goma sha tara, ban taɓa murɗa famfo ban tuna ba."

Daga nan ta koma aiki kamar ba ita ta yi maganar ba. Ta ce a ɗaure famfunan, a zubar da tankin a wanke shi da magani, a kwashe ruwan robar da ke rumfa a kai wa matan da ke jira a baya, a karɓe gorar da aka riga aka cika. Ta ce ba za a yanke ƙyallen buɗewa ba sai ranar da injin ya zo aka gwada ruwan, kuma ranar za ta dawo. Ta ciro ɗan littafi daga jakarta ta tambayi Sista cikakken sunanta. Manya suka fara duba agogo. Jami'in tsare-tsare yana tsaye riƙe da murfin gilashi, ya rasa inda zai ajiye shi.

Baba bai san lokacin da ya koma bayan ginin ya zauna a kan wani bulo ba. Shekara goma sha tara yana riƙe da yarinya a zuciya saboda shirun daƙiƙa biyar, ga shi da furfurarsa, ba shugaba a kafaɗarsa, ba aikin da za a kore shi daga kai, ya yi irinsa. Kunya ta rufe shi, ta marigayin ta fi ta kowa. Sai yanzu ya ji maganar nan ta cikin mota ta shiga kunnensa.

A nan Dakta ta same shi, kofin yana hannunta.

"Baba, ga shi. Na ɓata musu shiri, gilashin ma ban saka ba. Ka mayar gida in ka fi so, kai ka fi kowa haƙƙi a kansa."

Ya miƙe ya karɓa. Ya goge shi da hannun rigarsa ta fita kunya, ciki da waje.

"Ranki ya daɗe, ina da magana biyu, duk ba masu daɗi ba. Ta farko, kofin nan ba na gilashi ba ne, ba nawa ba ne kuma. Naki ne. Kwana biyu kafin ya rasu ya ce in kawo miki hannu da hannu. Ni na riƙe, wata uku."

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Ta biyu, na san ruwan nan. Na yi hira da mai tankar tun kafin ku iso. Ina tsaye kusa da ke, kina ɗagawa, na yi shiru."

Ta dube shi. Ya jira ta ce wani abu mai zafi, don ya san ya ci a faɗa masa.

"Nauyi gare shi, ko Baba? Bakin."

"Wallahi nauyi gare shi, 'yata."

Bai taɓa kiranta haka ba. Ta sa gefen mayafi ta share ido. Shi kuma ya tambaye ta abin da yake cin sa, ko da gaske da Sista ba ta tanka ba za ta sha.

"Shi ai ya sha," in ji ta.

Baba ya riƙe kofin da hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya sa mata a tafin hannu. Sannan ya bi ta har mota, ya ce wa direbanta ya buɗe ƙofar gaba. Ya nuna masa aljihun ƙofar, ya ce a nan yake zama, a naɗe da tsumma don kada ya yi ƙara a hanya marar kyau, kuma in an isa wuri ba a jira sai ta tambaya.

Akwatin gilashin yana nan a cibiyar har yanzu. Sista ce take ajiye auduga da bandeji a ciki, ta ce ƙura ba ta shiga.

Da Baba ya isa gida da yamma, matarsa tana tsakar gida tana kwashe shanya. Ta kalli hannunsa, ta kalli fuskarsa.

"Gilashin ya karɓa?"

"Mai shi ta karɓa," ya ce. "Ba ni ruwa in sha."